Titin Masallaci a Garin Wünsdorf

 

Ya ɗan'uwa mai karatu, da za a tambaye ka inda aka fara gina masallacin da Musulmi suka yi salla a cikinsa a ƙasar Jamus, na san hankalinka zai tafi Balin, ko Hambog, ko wani babban birni da Turkawa suka yi yawa. To, a wani ɗan gari ne mai suna Wünsdorf, kimanin kilomita 40 kudu da Balin, a jihar Brandenburg, garin da mutanensa duka ba su kai na wasu unguwanni biyu na cikin birnin Zariya ba. Su masu garin suna furta sunan kamar a ce Bunsdof. Gaskiya ne tun a ƙarni na 18 wani basarake ya gina abu mai siffar masallaci a lambun fadarsa da ke Schwetzingen, amma wannan don ƙawa aka yi shi, kamar yadda attajiri kan ajiye ɗawisu a tsakar gida. Na Wünsdorf shi ne wanda aka gina domin a kira salla a tsayar da sahu. An buɗe shi ranar 13 ga Yuli 1915, a farkon Ramadan na shekarar 1333 bayan Hijira, kuma gwamnatin Jamus ce ta gina shi da kuɗinta, a tsakiyar sansanin fursunonin yaƙi.

Abin da ya kai ni Jamus taro ne na kwana uku a Balin a kan rubuce-rubucen ajami, domin a babban ɗakin karatu na birnin akwai takardun Hausa da wani Bajamushe mai suna Gottlob Adolf Krause, wanda Hausawan Salaga suka sani da Malam Musa, ya tattara a ƙarshen ƙarni na 19. Ba zan tsaya a kan taron ba. Da aka ba mu yini guda na hutu, abokan tafiya suka nufi kasuwa sayen tsaraba, ni kuwa na shiga jirgin ƙasa na yi kudu.

Tafiyar kamar awa guda ce. Da jirgi ya fita daga gine-ginen birni sai ƙasa ta miƙe shimfiɗe, babu dutse babu tudu, gonakin hatsi da tafkuna da dazuzzukan wasu dogayen itatuwa masu ganye siriri kamar allura. Abin da ya ba ni mamaki shi ne ƙasar wurin rairayi ce, jigawa sosai, irin wadda mutum zai gani a wajen Daura ko Kazaure. Na sauka a tashar Wünsdorf-Waldstadt tare da mutum huɗu ko biyar, kafin in gyara jakata duk sun hau kekuna sun ɓace. Daga nan sai shiru. Mu da muka tashi a cikin ganuwa, inda tun kafin alfijir ladanan Kwarbai da na Unguwar Juma ke karɓa wa juna, sannan almajirai su ɗauka, sannan masu koko da ƙosai, sannan 'yan acaɓa, ba mu san irin wannan shirun da rana tsaka ba. Gidaje a tsare, kowanne da ɗan shingensa da furanninsa, amma babu zaure, babu dakali, babu dattijo ko ɗaya a ƙofar gida da baƙo zai durƙusa ya gaishe shi ya nemi kwatance. A Zariya baƙo ba ya yin taku hamsin daga Ƙofar Doka ba tare da wani ya tambaye shi gidan wa yake nema ba. A can kuwa barin ka da aka yi shi ne girmamawar, sun ɗauka ba ka son a shiga sha'aninka. Sai da na tare wata dattijuwa mai tura keke, na nuna mata sunan titin a takarda. Ta dube ni, ta dubi hulata, ta jingine kekenta, ta zana mini hanya da biro a bayan takardar, da kibiyoyi da komai, har da inda zan tsallaka titi. Ba ta tambayi daga ina nake ba. Allah Ya saka mata da shiriya.

Kafin in kai ka titin, bari in ba ka labarin abin da ya sa aka gina masallacin, domin in ba da shi ba ziyarar ba ta da ma'ana.

Tun a 1898 Sarkin Jamus Wilhelm na Biyu ya ziyarci Dimashƙa, ya je kabarin Salahuddin al-Ayyubi, ya yi jawabin da ya ce shi aminin Musulmin duniya ne. Har jita-jita ta bazu a wasu ƙasashen cewa ya musulunta, ana ce masa Alhaji Wilhelm. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, Jamus ta duba ta ga abokan gabanta uku, wato Ingila da Faransa da Rasha, kowacce tana mulkin miliyoyin Musulmi, kuma kowacce ta ɗebo 'ya'yansu ta sa musu kaki ta kawo su fagen fama. Wani masanin ƙasashen Gabas mai suna Max von Oppenheim ya rubuta wa gwamnati shawara cewa a tayar da waɗannan Musulmi su yi wa masu mulkinsu bore da sunan jihadi, aka kuma kafa masa ofis na musamman a Balin domin wannan aiki. A watan Nuwamba 1914 aka karanta fatawar jihadi a Santambul da sunan Sarki Muhammadu Rashad na Daular Usmaniyya, ta Turkiyya nake nufi, ba tamu ta Sakkwato ba, kuma ita Turkiyya a lokacin abokiyar yaƙin Jamus ce. Fatawa ce mai ban al'ajabi: jihadi a kan wasu Nasara, kafaɗa da kafaɗa da wasu Nasara.

Sai aka ware fursunoni Musulmi daga sauran fursunoni. Waɗanda aka kamo daga rundunar Faransa, mutanen Aljeriya da Tunisiya da Maroko da ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa, tare da Indiyawan rundunar Ingila, aka tara su a Wünsdorf, a sansanin da aka raɗa wa suna Sansanin Jinjirin Wata, mutum dubu huɗu zuwa biyar. Waɗanda aka kamo daga rundunar Rasha, galibinsu Tatar, aka ajiye su a wani sansani na kusa, a Zossen. An kula da abincinsu don kada a ba su haram, an bar su su yi azumi da Idi, an kawo musu malamai, cikinsu har da Shehu Salihu Sharif na Tunisiya da Abdurrashid Ibrahim na Tatar. An buga musu jarida da Larabci da wasu harsunansu, sunanta Al-Jihad. Sannan aka gina masallacin, da katako, cikin 'yan makonni, da ƙubba wadda aka kwaikwayo daga Ƙubbatus Sakhra ta Ƙudus, da hasumiya mai tsawon fiye da mita 20, da wurin alwala. Aka ɗauki hotunansa aka buga a katunan gidan waya aka watsa duniya, domin a ce ku dubi yadda Jamus ke girmama Musulunci.

Kada ka ɗauka wannan labari ya yi nisa da mu. Wata guda kafin a buɗe masallacin, a Yunin 1915, sojojin Nijeriya da ke ƙarƙashin Ingila, da yawansu Hausawa, suna cikin waɗanda suka ƙwace Garwa ta Kamaru daga hannun Jamusawa. A nan Zazzau zamanin Sarki Aliyu Ɗan Sidi ne, kuma baitulmalin sarakunan Arewa sun ba Ingila gudunmawar kuɗin yaƙi. Ta arewa da mu kuma, daga Disambar 1916 zuwa Maris 1917, Kawusan da mayaƙansa na Abzinawa suka tsare Faransawa a Agadas da goyon bayan Sanusiyya, wadda ita kuma take da alaƙa da Turkiyya da Jamus. Wato a wannan yaƙi Musulmi yana harbin Bajamushe a Garwa don Ingila, wani Musulmin yana zaune a Wünsdorf ana lallashinsa ya harbi Bafaranshe don Jamus, kuma babu ɗaya cikinsu da aka shawarta ranar da aka fara rigimar.

Kyautar Sarkin Jamus ma ba baƙuwarmu ba ce. A 1885 wani matashin Bajamushe, Paul Staudinger, ya shigo birnin Zariya zamanin Sarki Sambo, ya taso daga Loko ta Keffi, yana ɗauke da wasiƙu da kyaututtuka daga Wilhelm na Ɗaya zuwa ga Sarkin Musulmi Umaru da Sarkin Gwandu. Ya rubuta littafi a kan tafiyar, aka buga a 1889, kuma duk mai son sanin yadda kasuwarmu da tufafinmu suke a lokacin zai amfana da shi. Amma kyautar tana da abin da take nema, wato gindin zama a ƙasar Kwara da Binuwai, sai dai wakilin kamfanin Ingilishi, Joseph Thomson, ya riga su isa da 'yan watanni.

Na isa titin wajen hantsi. Allon sunansa yana nan a kan ƙarfe, Moscheestraße, ma'anarsa Titin Masallaci. Gajeren titi ne, da itatuwa a gefe. Masallacin kuwa babu shi. Bayan yaƙi Musulmin Balin sun riƙa zuwa sallar Idi a cikinsa na wasu 'yan shekaru, daga baya katakon ya ruɓe, babu mai gyarawa, aka rushe shi tun bai cika shekara ashirin ba. Garin kuma ya ci gaba da zama na soja. A zamanin Hitila a nan babbar hedikwatar sojan ƙasa take, da gine-ginen ƙarƙashin ƙasa, kuma har yanzu akwai wasu dogayen hasumiyoyin kankare masu tsinin kai kamar rumbu, waɗanda aka yi domin ɓuya daga bama-bamai. Bayan 1945 sojojin Tarayyar Sobiyet suka karɓe wurin, suka mai da shi hedikwatar rundunarsu ta Jamus ta Gabas, dubban mutane a bayan katanga, da makarantunsu da shagunansu da jirgin ƙasa mai zuwa Masko kullum, Bajamushe ba ya shiga sai da izini. Sun tashi a 1994, suka bar gunkin Lenin tsaye a gaban gidan hafsoshi. A 1998 aka mai da wani ɓangare na garin kasuwar tsofaffin littattafai. Na leƙa shago ɗaya, littattafai har rufi, mai shagon yana karatu bai ko ɗaga kai ba.

A 2015, da za a yi gini a filin, masu binciken kayan tarihi daga wata jami'a ta Balin suka tona suka samo ragowar masallacin: gutsattsarin gilashin tagogi masu launi, da ƙarafa, da fale-falen wurin alwala. Ginin da aka yi a wurin kuwa masaukin masu neman mafaka ne, aka buɗe shi a 2016, kuma da yawan waɗanda aka fara saukewa Musulmi ne da suka gudo daga yaƙe-yaƙen Siriya da Afganistan. A bakin hanya na haɗu da wani saurayi yana riƙe da ledar burodi. Na yi masa sallama, ya amsa da irin saurin nan na wanda ya kwana biyu bai ji ta daga bakin baƙo ba. Ɗan Cadi ne, muka yi magana da Larabci, nasa na Shuwa, nawa na littafi, muna yi wa juna dariya. Na ce masa, ɗan'uwa, ka san a nan aka fara kiran salla a ƙasar nan? Ya ce ya ji ana faɗa, amma abin da ya dame shi takardarsa ce, wata na bakwai ke nan yana jira. Ya nuna mini alƙibla da hannu. A wurinmu idan an ce mutum ya fuskanci gabas an gama magana, a can kuwa Makka tana kudu maso gabas, sai na ji kamar an juya mini duniya.

Tambayar da na yi ta juyawa a zuciyata a kan titin nan ita ce matsayin wannan masallaci. Duk ɗalibin tafsiri ya san ƙissar masallacin cutarwa a cikin Suratut Tauba, wanda munafukai suka gina kusa da na Ƙuba domin raba kan muminai da kuma tanadar wa maƙiyi wurin fakewa, suka nemi Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi salla a ciki lokacin da yake shirin Tabuka, Allah Ya hana shi, da ya dawo ya sa aka rushe. Akwai kama tsakanin biyun ta fuskar mai gini, domin wanda ya fitar da kuɗin na Wünsdorf soja yake nema, kuma takardun ofishinsa sun faɗi haka ɓaro-ɓaro. Amma a ganina, wallahu a'alamu, ƙiyasin bai cika ba. Mutanen Madina suna da Ƙuba, suna da masallacin Annabi, suna da zaɓi. Fursunan Wünsdorf yana bayan waya, an ɗebo shi daga ƙauyensa a Kabiliya ko bakin kogin Sanagal, wataƙila da ƙarfin tsiya, an jefa shi cikin ramukan Faransa, an kamo shi. Ya ji kiran salla, ya yi alwala, ya shiga sahu. Hadisin farko da muke koya wa yara a cikin Arba'una ta Imam Nawawi ya riga ya raba wannan gardama: gwamnati tana da niyyarta, shi yana da tasa, kuma ba a ɗora wa wani nauyin wani.

Ka kuma tuna wane wata ne. Ni a Yuli na je, kuma na ga rana tana sama har bayan ƙarfe tara na dare, alfijir kuma ya keto tun mutum bai gama juyi ba. A Zariya azumi mafi tsawo ba ya wuce kamar awa goma sha huɗu. A can, a irin wannan wata, yana kai awa goma sha takwas ko fiye. Waɗanda suka ɗauki azumin 1333 a wannan sansani sun ɗauke shi ne a haka, ba iyali, ba kunun buɗa baki daga hannun uwa. Mai neman yardar Sarkin Jamus ba ya buƙatar wannan wahala, tsayawa gaban mai hoto ya ishe shi.

Abin da ya fi burge ni shi ne yawancinsu sun karɓi masallacin sun ƙi kiran. Kaɗan ne suka yarda aka tura su Turkiyya, waɗanda aka tura ɗin ma ba su yi abin da aka so ba, wasu suka gudu. Zuwa 1917 shirin ya mutu, aka kwashe da yawa daga cikin fursunonin zuwa Romaniya aikin gona. Mutane ne da akasarinsu ba su yi zurfin karatu ba, an kawo musu shehunai masu fasaha, da jarida, da fatawa daga Santambul mai hatimin Shaihul Islam, amma suka gane cewa wannan yaƙin sarakunan Turai ne aka naɗa masa rawani. Wannan nake so ɗalibaina na aji shida su sani, domin mu a Arewa mun ga abin da kalmar jihadi ta yi a bakin waɗanda suka ɗauke ta ba da haƙƙinta ba, tun daga 2009, mun ga yaran da aka ɗebe da wa'azi da 'yan kuɗin jari, da garuruwan Borno da Yobe da suka zama kufai. Muna kuma ganin ƙaramin nau'in abin duk lokacin da zaɓe ya ƙarato, masallatai suna tsirowa da sabon fenti da sunan mai gini a rubuce da manyan baƙaƙe, buhunan shinkafa suna zuwa gidan liman. Ban ce a ƙi salla a ciki ba, kuma ban shiga zuciyar kowa ba. Amma mai ba ka tabarmar salla yana iya zuwa gobe ya nemi ƙuri'arka, ko shirunka, ko ɗanka, kuma tabarmar ba ta wajabta maka ko ɗaya daga ciki ba.

Akwai wani abu kuma da aka yi musu wanda ya tsaya mini a rai. Malaman jami'o'in Jamus sun ga an tara musu al'ummun duniya a wuri guda, sai suka riƙa zuwa sansanin suna auna kawunan fursunoni da hancinsu, da sunan ilimin jinsi. Wani kwamiti kuma, daga 1915 zuwa 1918, ya riƙa tsayar da su gaban bututun na'ura yana naɗar muryoyinsu a faifan garmaho, wannan ya yi waƙar garinsu, wancan ya ba da tatsuniya, wani ya ƙirga ɗaya zuwa ashirin da harshensa. Fayafayan suna nan ajiye a hannun Jami'ar Humboldt ta Balin, da sunan kowa da ƙauyensa a kan takarda. Masallacin ya tafi, amma tarin mutum da numfashinsa kafin ya fara waƙa suna nan a faifai.

Na tuna masallacinmu na Juma'a na ƙofar fada, wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina da ƙasa da azara zamanin Sarki Abdulkarimu, a shekarun 1830. Ya ɗauki sahu kusan shekara 190 kafin wani ɓangarensa ya rufta ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023, ana sallar la'asar, ya yi ajalin bayin Allah, Allah Ya karɓi shahadarsu. Ba ƙarfin ƙasa ne ya riƙe shi tsawon wannan zamani ba, jama'ar da ke kewaye da shi ne, masu yaɓe da masu shara da masu zuwa sau biyar. Na Wünsdorf ranar da aka buɗe ƙofar sansani jama'arsa suka watse, kowa ya nufi ƙasarsu.

Waɗanda ba su koma ba suna Zehrensdorf, kilomita kaɗan cikin daji. Asali ƙauye ne, aka tashi mutanensa tun kafin yaƙin domin a yi filin atisayen soja, maƙabartarsa ce aka mai da ta fursunoni. Na taka da ƙafa, hanya ce ta rairayi tsakanin itatuwa, ban haɗu da kowa ba sai wani mai gudun motsa jiki da karensa. Kusan mutum dubu ne a kwance a wurin, Musulmi da Hindu da Sik da Kirista, yawancinsu sanyi da tarin fuka ne suka kashe su. A zamanin sojojin Sobiyet wurin yana cikin filin da ba a shiga, daji ya cinye shi, sai a 2005 aka kammala gyara shi. Sojojin Indiya 206 suna da fararen duwatsu a jere, kowa da sunansa da lambar rundunarsa. Akwai dutsen tunawa na Larabawa, akwai na Tatar. Na bi layin ina karanta sunayen da zan iya karantawa, wasu irin waɗanda nake kira kowace safiya a rajistar aji. Na yi musu sallamar da ake yi wa ma'abota kaburbura, na roƙa wa Musulmin cikinsu gafara.

Azahar ta yi ina can. Na fito wajen shingen, na yi alwala da ruwan gorar da na sayo a tasha, na shimfiɗa rawanina a kan rairayi ƙarƙashin itace, na daidaita da inda saurayin nan ya nuna mini. Tun da ban yi niyyar zaman kwana huɗu a ƙasar ba, hukuncin matafiyi yana kaina kamar yadda muka karanta a Risala, sai na yi raka'a biyu. Na yi kiran salla da iƙama a hankali, ni kaɗai. Da na sallame na karkaɗe rawanin, na kama hanyar tasha, domin jirgin Balin ba ya jiran kowa, kuma ƙarfe huɗu da 'yan mintoci aka rubuta a allo.